MOTA DA MAI ITA: Ranar Da Ƙusa Ta Karye A Kabong

Duk wanda ya taso daga Gada Biyu ya kama hanyar Rukuba, a unguwar Kabong ta birnin Jos, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da inda makanikai suka kafa sana'arsu a gefen titi. Zai ga an ɗaga gaban mota an tokare shi da kututture ko tsohon wili, ƙafafun wani yaro sun leƙo daga ƙarƙashi, mai mota kuwa yana zaune a benci yana duban agogo. A irin wannan wuri akwai wata ƙara guda wadda kowane makaniki ya sani, ba ya kuma fatan jin ta. Ba ta da wani amo, ba ta fi ƙarar karyewar busasshen kara ba. Da an ji ta sai a ga sifana ta saki a hannun yaro, ya jima shiru a kwance, sa'an nan ya mirgino waje da kan ƙusa a tafin hannunsa, ya ce, "Oga, ta karye." Daga wannan lokaci aikin da aka yi cinikinsa a kan sa'a biyu ya zama na kwana biyu, mutumin da ya yi niyyar cin abincin rana a Akwanga kuwa sai ya nemi tasi ya koma gida.

Ƙusar da ake magana a nan ba irin ta kafinta ba ce. Ita ce doguwar nan mai kai shida-shida da tiredi a jikinta, wadda ake murɗawa cikin noti, ko da yake a bakin yawancin jama'a namijin da macen duka noti ake ce musu. Ƙusoshi irin wannan sun fi gaban ƙirge a jikin mota, akasarinsu kuwa in sun karye ba a rasa barci. To, amma fa akwai guda huɗu, a wasu motocin shida, waɗanda ba haka suke ba, watau masu riƙe da ƙaramin shasi.

Manyan motoci da a-kori-kura suna da cikakken shasi, dogayen ƙarafa biyu daga gaba har baya, a kansu aka ɗora komai. Ƙananan motoci na zamani kuwa jikinsu shi ne shasinsu. Sai aka ƙera wani gadon ƙarfe aka ɗaure shi daga ƙarƙashi, a jikinsa hannuwan ƙafafun gaba suke maƙale, a kansa sitiyari yake kwance, a motoci da yawa ma har inji da giya suna jingine da shi. Wannan shi ne ƙaramin shasi. Duk birkin da direba ya taka, da duk ramin da taya ta faɗa, da duk kwanar da aka sha, ta cikin ƙusoshin nan nauyin yake bi ya isa jikin mota. Sau da yawa dole ne a sauke wannan gado, ko a sassauta shi, kafin a kai ga sitiyari, ko kuloci, ko robobin da suka mutu. Abin da ya sa lamarin ya yi wuya shi ne notin da ƙusar take shiga ba a ganinsa. Tun a masana'anta aka liƙa shi a cikin kwaroron ƙarfen jikin mota, aka rufe, ba ƙofa ba taga. Saboda haka idan ƙusa ta karye, gutsurenta yana can sama a cikin duhu, a wurin da hannu ba ya kaiwa.

Mai mota yakan ɗauka makaniki ne ya karya masa ƙusa. Wani lokaci haka ne. Amma galibi ƙusar ta fara mutuwa tun motar ba ta taka ƙasar nan ba. A zamanin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, a shekarar 1975, ma'aikacin gwamnati yakan sayi 504 sabuwa dal, wadda ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba. Bayan da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka da mai matsakaicin hali, sai aka koma ga na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, masu shigowa ta Ikko da Kwatano. A ƙasashen da motocin suka fito, watau arewacin Turai da Kanada da jihohin arewacin Amurka, idan hunturu ya kama hukuma takan watsa gishiri a kan tituna don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan shi taya take fesawa ƙarƙashin mota shekara da shekaru, yana shiga kowace kafa, yana kwanciya a cikin kwaroron da notin yake.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce, har masu ƙera motocin sun amsa ta da kansu. A shekarar 2013 kamfanin Hyundai ya yi kiran a mayar masa da motoci kimanin 240,000 a jihohin Amurka masu zuba gishiri, Sonata ƙirar 2006 zuwa 2010 da Azera ƙirar 2006 zuwa 2011, saboda tsatsa tana cin ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya. A shekarar 2014 kuma kamfanin Ford ya kira Escape ƙirar 2001 zuwa 2004, fiye da 380,000, saboda tsatsar ƙaramin shasi na gaba, wadda ke iya sa hannun ƙafa ya rabu da mazauninsa. Daga irin waɗannan garuruwa ne motocin hannu da dama suke tasowa. Mai saye a nan yakan duba fenti, ya duba kujeru, ya kunna rediyo, ya saurari inji, ba safai yake durƙusawa ya leƙa ƙasa ba.

Sa'an nan motar ta hau dutse ta iso Jos, garin da ke bisa tudu mai tsawon mita 1,200 ko fiye daga teku, inda ruwan sama yakan kai wajen milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu har Oktoba. Jan taɓon layukan cikin unguwa yakan manne a ƙarƙashinta ya riƙe danshi, abin da gishiri ya fara sai damina ta ci gaba da shi. Ita kuwa tsatsa halinta kumbura ne, takan ɗauki wuri ninki biyu ko fiye na ƙarfen da ta ci. Don haka tana rage kaurin ƙusa daga waje, tana kuma cika tsakanin tiredi da tiredi ta ɗaure shi tamau kamar siminti. Inda gadon na alminiyam ne, kamar yadda yake a wasu motoci na baya-bayan nan, haɗuwar ƙarfe iri biyu da ruwa takan haifar da wani farin gari mai kama ƙusa fiye da tsatsa ma.

Wannan rabon gishiri ke nan. Akwai kuma rabon bututu. A kowane gareji akwai wani dogon bututun ƙarfe da ake zura wa sifana a ƙara mata tsawo, kuma abin mamaki, ƙusar da ta fi kowacce gardama ita akan bar wa ƙaramin yaron da ya fi kowa ƙarancin sani, a miƙa masa bututun da ya fi kowanne tsawo. Ga lissafin a sauƙaƙe. Ƙusa mai kaurin milimita 12, irin mai ƙarfi, ɗaurinta bai wuce a rataya nauyin kilo 12 a ƙarshen hannu mai tsawon mita ɗaya ba. Idan saurayi mai nauyin kilo 70 ya taka ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya ya saki jikinsa, ya ɗora mata fiye da ninki biyar na abin da aka ƙayyade. Sabuwa ma ba za ta ɗauka ba, balle wadda tsatsa ta rarake. Bayan ta karye kuma yaron ne zai sha faɗa, har da ranƙwashi, alhali kuwa ba wanda ya taɓa koya masa yadda ƙusa take yi idan ta kusa rabuwa.

Domin kuwa tana ba da sanarwa. Ƙusar da ta yarda za ta kwance takan yi ƙara sau ɗaya, ta motsa, ta riƙa kuka kaɗan-kaɗan tana fitowa. Wadda za ta karye kuwa sai a ji tana juyawa da laushi, shiru, kamar ana murɗa alewa, ƙarfin da take buƙata bai ƙaru ba bai ragu ba. Ba kwancewa take yi ba, wuyanta ne yake murɗewa. Ƙwararren makaniki da ya ji haka yakan dakata nan take. Tun da fari ma ba ya fara da ƙarfi. Yakan goge kan ƙusar da burushin waya, ya nemi ƙaramar kafa a jikin kwaroron ya fesa man sassauta tsatsa ta sama, in babu ya zuba kananzir ko man gas, ya bar shi ya kwana in da hali. Yakan sami soket mai kusurwa shida wanda ya zauna daidai, ya bubbuga kan ƙusar da guduma don tsatsa ta tsattsage, ya ɗan ɗaure kaɗan kafin ya kwance, ya yi ta kai da komowa, kwata gaba kwata baya, yana ƙara mai. Aikin yana cin lokaci, mai mota yana tsaki a benci, amma sannu ba ta hana zuwa.

To, a ce duk an yi wannan, ko ba a yi ba, ta karye. Abin farko ba ƙusar ba ne, ran wanda ke kwance a ƙasa ne. Gadon da ya rasa ƙusa ɗaya nauyinsa ya koma kan sauran, kuma za a yi ta bugu da jijjiga a ƙarƙashin motar. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulon siminti kuwa yakan dare ba sallama. Sai a tokare jikin motar da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri a wuri mai tauri, a sa wa tayoyin baya waigi, a tallafi inji daga sama ko daga ƙasa, a sa wani jak ɗin a ƙarƙashin gadon kansa. Kafin a taɓa sauran ƙusoshin kuma a zana iyakar gadon a jikin mota da alli ko tsinin ƙarfe, don a san inda za a mayar da shi.

Daga nan sai a kwance sauran a hankali a sauke gadon. Mutane da yawa suna ƙyashin wannan mataki, suna so su yi aikin ta cikin ramin gadon don gudun wahala, nan kuwa a nan sa'a take. Sau da yawa ƙusa a wuya take karyewa, kusa da kai, saboda haka da an sauke gadon sai a ga gutsure ya leƙo, tsawon ɗan yatsa ko rabinsa. Wanda ya sami wannan ya gode wa Allah. Ana iya kama shi da filaya mai kullewa, ko a goge gefensa biyu da zarto a yi masa fuska yadda sifana za ta kama. Amma ƙusar da ta gagari soket tana da kai, da wuya ta bi filaya ba ta da shi. Abin da ya fi ci shi ne a kira mai walda.

A nan ne makanikan ƙasar nan suka yi fice, don kusan kowane gareji yana da mai walda a maƙwabtaka. Yadda ake yi shi ne a kankare bakin gutsuren har ya yi fari, a zura masa washa mai kauri, a narka walda a haɗa shi da washar, sa'an nan a ɗora babban noti a kai a cika cikinsa da walda tun daga ƙasa. An yi wa ƙusar sabon kai ke nan. Amfanin abin biyu ne, na biyun ma ya fi na farko. Zafin walda yana bi ta cikin gutsuren ya kumbura shi, in ya huce ya tsuke, wannan kumburi da tsukewa shi ke farfasa tsatsar da ta ɗaure tiredi. Maƙeran gargajiya sun san wannan hali na ƙarfe tun kafin a ƙera mota. Idan ma a masana'anta an shafa wa ƙusar gam na hana kwancewa, shi ma yakan saki idan zafi ya kai wajen digiri 250. Kuskuren da akan yi shi ne a ɗora sifana noti yana ja wur, sai waldar ta murɗe kamar tuwo. A bari jan ya mutu, ƙarfen ya huce sosai, a zuba mai, sa'an nan a fara kai da komowa. Idan notin ya ɓalle ba abin kunya ba ne, a sake liƙa wani. Sau da yawa a karo na biyu ko na uku take sallamawa, don kowane zafi yana rage mata taurin kai. Wannan dabara tana aiki ko da gutsuren ya yi daidai da fuskar ƙarfe, ko ya ɗan nutse, muddin mai waldar yana da hannu, ya iya gina ɗigo a kan ɗigo ba tare da ya haɗa ƙusar da jikin mota ba.

Sai dai wuta ba a wasa da ita a ƙarƙashin mota. Bututun fetur da na birki suna bin gefen kwaroron nan, robobi da wayoyi suna kewaye, a sama kuma, bayan siririn ƙarfe, akwai kafet da soso. Dole ne a ɗage kafet, a rufe bututai da jiƙaƙƙen buhu ko faifan ƙarfe, a tsayar da yaro ɗaya a cikin motar da bokitin ruwa ba ya aikin komai sai kallo. A cire kan batir tukuna, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda ake aiki, don kada wutar ta yi yawo ta bi ta ƙwaƙwalwar mota. Wanda ya ƙona ƙwaƙwalwa garin ceton ƙusa ya sayar da saniya ya sayi igiya. Masu hura wutar gas su kuma su sani alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, yana kaiwa digiri 660 sai kawai a ga ya zube. Shi mai walda kansa aikin sama yake yi, tartsatsi a fuskarsa da wuyansa yake sauka, baƙin tabarau na kasuwa kuwa ba ya kare ido daga hasken walda, ko da yake shi aka fi gani.

Idan gutsuren ya yi zurfi, walda ba ta kai gare shi ba, sai huda. Wannan shi ne aikin da ke raba gwani da ɗan koyo, kuma dukansa ya rataya a kan bugu ɗaya na farko. Karyayyen baki ba ya zama sumul, bakin diril kuwa yakan zame ya nufi inda ya fi taushi, watau notin da ake son ceto. Don haka sai an daidaita fuskar, an sa tsinin ƙarfe a tsakiya cif an buga alama. A fara da siririn baki, milimita 3 ko 4, a tafi a miƙe, a riƙa dubawa ta gaba da ta gefe. Wasu sukan mayar da gadon wurinsa su sa ɗan guntun bututu a raminsa ya zama jagora ga diril ɗin, dabara ce mai kyau. Ƙusar ƙaramin shasi ƙarfe ne mai tauri, ba ya son gudu. A juya a hankali, a danna da ƙarfi, a riƙa ɗiga baƙin mai. Wanda ya sake wa diril gudu zai ga hayaƙi, bakin ya yi shuɗi ya dakushe, ƙarfen kuma ya ƙara tauri. A naɗa ɗan tef a jikin bakin a matsayin iyaka, kada a zarce a ɓullo cikin mota. Akwai bakin diril mai juyin hagu, wanda in an same shi ya fi, don yana huda yana kwancewa, wani lokaci sai a ga gutsuren ya biyo shi da kansa.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai tsini da murɗaɗɗen haƙori na hagu, wanda ake sayarwa a cikin ƙaramin akwati da sunan maganin karyayyar ƙusa. Ana kafa shi a ramin da aka huda a murɗa. Yana da amfani ga ƙusar da ta karye saboda an ɗaure ta fiye da kima, tiredinta lafiya lau. Ga wadda tsatsa ta kama kuwa tarko ne. Da yake tsini gare shi, yana shiga yana buɗa gutsuren yana ƙara matse shi a cikin noti, da yake kuma an ƙona shi ya yi tauri ƙwarai, ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye kamar kwalba. In ya karye a ciki an shiga uku, gama bakin diril na yau da kullum ba ya cin sa. Wanda ya ga ƙusa mai kaurin milimita 12 ta murɗe ta rabu, bai kamata ya sa ran wani siririn tsinke zai yi abin da ita ta kasa ba.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ci gaba da faɗaɗa ramin mataki-mataki har a kusa taɓa tiredi. Ƙa'idar ba ta da wuya, a ɗebe tazarar tiredi daga kaurin ƙusa. Mai milimita 12 da tazarar 1.5 iyakarta baki mai 10.5, mai tazarar 1.25 kuwa, irin wadda ta yi yawa a motocin Japan, iyakarta 10.8. In ramin ya tafi a tsakiya, abin da zai rage ɗan siririn ƙarfe ne kamar waya, a tsince shi da tsini, a bi da taf, watau ƙarfen gyaran tiredi, mai irin tazarar daidai. Taf na 1.5 a cikin noti na 1.25 ɓarna ce sabuwa. In tiredin ya riga ya cinye, ana iya sa masa sabon zaren ƙarfe irin na Helicoil, ko a sake notin ɗungurungum.

Mafi muni duka shi ne notin ɓoye ya ɓalle daga inda aka liƙa shi, ya riƙa juyawa tare da ƙusar. A nan ba makawa sai an buɗe masa taga. A ɗage kafet a nemi saitinsa ta sama, ko ta gefen kwaroron, a yanka ƙaramin murabba'i da abin yanka mai tsabta, ba a ɓarke wuri da wutar gas kamar ana fasa tanki ba. A fitar da tsohon, a sa sabon noti mai ƙarfi a kan faranti mai kauri, a liƙa, a mayar da tagar a yi mata walda kewaye, a shafa fenti. Wannan kwaroro shi ke karɓar bugu ranar haɗari, ba wurin da za a bari a buɗe ba ne.

Duk wannan bayani mai mota ba zai yi da hannunsa ba. An kawo shi ne don ya san tsawon aikin, ya kuma gane gajerun hanyoyin da ake bi idan ya matsa. Ta farko ita ce a mayar da gado da ƙusa uku a ce masa, "Yallaɓai, ba komai, sauran sun riƙe." Ta biyu a ɗinke gadon da jikin mota da walda, alhali jikin siriri ne, zai tsage a gefen ɗinkin, ranar da kuloci ya mutu kuma sai an yanka. Ta uku a huda har cikin mota a zura doguwar ƙusa ta masu gini, a ɗaure ta a ƙarƙashin kafet. Dukansu motar za ta tashi ta bar gareji lafiya, za ta yi yawon Terminus da Bukuru ba a ji komai ba, sai ɗan ƙwas idan an taka birki. Amma kowane birki yana motsa gadon, yana lanƙwasa ƙusoshin da suka rage gaba da baya, su ma kuwa shekarunsu ɗaya da wadda ta karye, gishiri ɗaya suka sha. Hanyoyin fita Jos duka gangara ne, wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga, da mota cike da mutane da buhunan dankali, tirela a gaba tirela a baya, ya san ba wurin da za a so ƙafar gaba ta ja baya ko sitiyari ya sauya ra'ayi ba ne.

Saura zancen sabuwar ƙusa, inda ake yawan yin asarar duk wahalar da aka sha. A kan kowace ƙusa ta kirki akwai lamba, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ba ado ba ne. Ita ce shaidar ƙarfinta. Mai kaurin milimita 12 da lamba 10.9 tana ɗaukar kusan tan 9 kafin ta tsinke, mai 8.8 kusan tan 7, ta masu gini mai 4.6 kuwa ba ta wuce tan uku da rabi ba, ga ido kuma duk kamarsu ɗaya. Yaron da aka aika Dilimi ko Farin Gada neman ƙusa ya tafi da tsohuwar a hannu, kai da gutsure, a gwada kauri da tsawo da tazarar tiredi, a karanta lamba. Wasu kamfanonin Japan suna da nasu alamun dabam, a nan abin da ya fi shi ne a nemi ta irin motar. Ta hannu daga motar da aka yanka ta fi sabuwa marar lamba, in dai ba ta da tsatsa, ba ta kuma miƙe ba. Sai dai masu Golf da Sharon da 'yan'uwansu su lura, a yawancin motocin Volkswagen ƙusoshin nan irin masu miƙewa ne, ana ɗaure su zuwa ma'auni sa'an nan a ƙara kwata ko rabin juyi, kamfanin kuwa ya ce duk wadda aka kwance a sake ta da sabuwa. Ƙusar da wuta ta taɓa har ta yi ja ita ma ta gama aiki, taurinta ya tafi. Kuma tun da an sha wuyar ɗaya, hankali shi ne a sake dukansu.

Wa zai biya? A kan wannan ne akan ji murya ta tashi a Kabong, har wani lokaci sai dattawan gareji ko shugabannin ƙungiyar makanikai sun sa baki. Gaskiyar magana, makanikin da ya ga tsatsa ya yi shiru, ya miƙa wa yaro bututu ya tafi shan shayi, yana da kaso a cikin asarar. Wanda kuwa ya tsaya tun ƙusar tana da kai, ya kira mai mota ya ce, "Maigida, zo ka gani da idonka, wannan tana iya karyewa, in jiƙa ta ta kwana ko in gwada?", to ya fita, abin da ya biyo baya na mai mota ne da wanda ya sayar masa da ita. Mai motar da ya amsa da cewa shi sauri yake yi, shi ma ya sa hannu a karyewar. Kuɗin mai walda da na bakin diril da yinin da aka ɓata haƙƙi ne a biya su, don makanikin da ya san ba za a biya shi wahalar huda ba shi ne wanda ƙusa uku take yi wa kyau.

Idan an gama, a mayar da gadon kan zanen da aka yi, a fara ɗaura ƙusoshin duka da hannu kafin a sa sifana, a ɗaure da sifana mai ma'auni in akwai ta, a kai motar wurin saitin ƙafa, don gadon da ya goce da kaurin tsinken ashana ya isa ya cinye gefen taya cikin 'yan watanni. Kafin a sauke ta daga kan katako kuma, mai mota ya naɗe babbar rigarsa, ya karɓi tocila ya durƙusa. Ya ƙirga kawunan ƙusoshin, ya sa a ɗora wa kowanne sifana a gabansa, ya karanta lambar da ke kai, ya dubi ko akwai sabon ɗinkin walda inda bai kamata ba. Sa'an nan ya ce a ba shi gutsuren da aka ciro, ko tarkacensa in hudawa aka yi. Bayan mako guda yana hawa, ya sake biyowa ta Gada Biyu a ɗaga motar a duba.